Wasiƙu Dubu Casa'in a Kwandon Shara

Sau bakwai Sakatariya ta kashe kwamfutarta ta sake kunnawa a ranar Litinin ɗin nan, alhali ko ƙarfe sha biyu bai yi ba.

Kullum abin yakan fara ne kamar wasa. Za ta buɗe manhajar wasiƙu, saƙonnin safe su sauko, ta danna na farko, sai allon ya yi fari-fari, kibiyar linzami ta rikiɗe ta zama zobe ta kama juyi. Ta jira. Ta shanye shayinta, ta gyara zaman tabarau, ta bubbuga gefen akwatin kwamfutar da tafin hannu, zoben nan yana ta juyinsa ko a jikinsa. Daga ƙarshe ta danne maɓallin kashewa da babban yatsa, da irin ƙarfin da ake murƙushe kyankyaso, ta ja tsaki mai tsawo wanda direbobi ke jiyowa daga cikin haraba.

Kamfanin nasu na haƙa rijiyoyin burtsatse ne: ofis mai ɗaki uku, harabar da motocin haƙa biyu ke kwana, sai rumfar bututu. Shekararta ashirin da takwas a wurin, a tebur ɗaya, gefen ƙofar mai kamfani, ƙarƙashin wata fanka da ke a karkace tun zuwanta. Ta zo tana budurwa, da takardar makarantar koyon tafireta a cikin jaka. Tana kan wannan kujera ta yi aure, ta haifi 'ya'ya huɗu, ta aurar da biyu. Saura shekara biyu ta ajiye aiki, kuma burinta bai wuce ta ajiye shi a kan wannan tebur da mutuncinta ba. Darajarta a ofishin abu ɗaya ce, kowa ya sani: babu wasiƙar da za a nema ta kasa fitowa da ita. Injiniyoyi suna zuwa suna tafiya, wayoyinsu suna ɓacewa, amma duk rahoton da suka taɓa aikowa, zurfin rijiya ne, kaurin bututu ne, irin famfo ne, yana wurinta, kuma minti biyu ya ishe ta.

Ko kuma a da ya ishe ta. A karo na bakwai ɗin nan ne Manaja ya fito ya tsaya a kanta. Ɗan marigayi mai kamfanin ne, ta san shi tun yana zuwa ofis da kayan makaranta yana ɓata mata takardar kwafi, shi ya sa har yau ba ya iya ɗaga mata murya. Amma magana mai sanyi ma tana da kaifinta.

"Anti, mako uku ke nan. Jiya wani ya kira ni yana cewa kwana huɗu bai ga amsarmu ba."

"Ai ba ni ba ce, ranka ya daɗe. Ga mai laifin nan," ta nuna allon da haɓa.

"Na sani. Amma in abin ya ƙi, sai in raba wasiƙun, kowa ya riƙa karɓar nasa a wayarsa. Ke kuma ki koma teburin gaba ki riƙa karɓar baƙi, ki huta." Ya ɗan sosa ƙeya. "Kafin nan, ranar Alhamis ƙarfe goma Mai Gonar Kaji zai zo da lauyansa. Rijiyar da muka haƙa masa shekara tara da suka wuce ta ƙafe, wai mu muka zaɓi mugun wuri. Kin tuna shi ya dage?"

"Na tuna mana. Injiniya ya ce kusurwar gabas, shi ya rubuto ya ce dole sai kusa da ɗakin kaji, ko ruwa ya yi kaɗan ya yarda."

"To ita nake so. Wannan wasiƙar."

Teburin gaba! Inda ake zama da littafin sa hannu da biro ɗaure da zare, ana tambayar mutane wurin wa suka zo. Har cikin ƙashinta ta ji maganar, ta kuma ji haushin yadda ya lulluɓe ta da kalmar hutu.

Wasiƙar tana nan, ta san inda take. Matsalar ke nan ma, inda take.

Marigayi yana da doka guda da bai taɓa sassautawa ba: takardar da aka gama da ita ba ta kwana a kan tebur. Ya sa mata wani kwando a ƙarƙashin teburin. Magana in ta ƙare, sai ta haɗa wasiƙa da amsarta ta jefa ciki, ranar Juma'a ta kwashe ta jera a kabad. Shekara tara tana haka. Da aka kawo kwamfuta, wanda ya haɗa ta ya nuna mata yadda ake buɗe jaka, a ba ta suna, a jawo wasiƙa da linzami a saka, aiki har hawa shida kan takarda ɗaya. Kwana biyu ta jure. A rana ta uku ta gano cewa maɓalli ɗaya tak yana ɗauke wasiƙa daga gabanta ya jefa a kwandon shara. Ta leƙa kwandon, sai ga su a jere bisa kwanan wata, tsaf, kuma in ta rubuta suna a wurin bincike su fito. Ta lalubo 'yar alamar da ke sa kwandon ya zubar da kansa duk wata, ta cire ta da hannunta. Wannan ne kaɗai saitin da ta taɓa canzawa a rayuwarta, kuma har yau tana alfahari da shi a ɓoye.

Kada a ɗauka ba ta san kwandon shara ba ne. Ta sani sarai, ba jahila ba ce. Niyyarta ranar Juma'a ta zauna ta rarraba su yadda aka koya mata. Juma'ar ce dai ba ta zo ba, shekara goma sha tara. Yanzu kwandon yana ɗauke da wasiƙu sun haura dubu casa'in, da hotunan filaye, da taswirori, da rahotannin injiniyoyi, duk tarihin kamfanin tun ranar da aka daina amfani da kabad.

Babu wanda ya sani. Wanda kuma ta fi ƙin ya sani shi ne mai gyaran kwamfutar, wato Auta, ƙanin mijinta.

Ita ta samo masa aikin, wannan ma ya ƙara mata takaici. Auta ya ba arba'in baya, gemunsa ya fara furfura, amma a gidansu har yanzu Auta ne. Hannunsa yana da kyau, ba a raina masa, sai dai bakinsa ba ya rufuwa. Duk lokacin da dangi suka haɗu, sai ya baje kolin wautar masu kawo masa gyara: mutumin da ya soka wayar wuta a jikin kanta yana jiran ta kawo haske, matar da ta ɗauki hoton allo da waya ta je aka buga mata a takarda don ta aika wa wanda ya turo mata. Yana kwaikwayon muryoyinsu, har da tafiyarsu, 'ya'yanta na cikinta suna dariya har da hawaye. Ita ma takan yi dariyar. Amma tun tuni ta yi wa kanta alkawari ba za ta taɓa shiga wannan jerin ba.

Haka suka kwashe mako uku suna zagaye. Zuwansa na farko ya sabunta manhajar, ya ce tsufa ne. Ta yi kwana ɗaya lafiya, ta koma gidan jiya. Na biyu ya cire wasu ƙananan manhajoji da aka liƙa mata, ya hana mai farautar ƙwayoyin cuta leƙa wasiƙu, ya ce su ne ke riƙe mata ƙafa. Na uku ya kwance akwatin ya hure ƙurar shekaru har Sakatariya ta yi atishawa sau biyar, ya ƙara mata ƙwaƙwalwa, ya tafi yana cika baki. Kafin ya kai bakin titi zoben ya dawo. Duk zuwan da zai yi tana tsaye a bayansa, hannu a ƙugu, jerin jakunkunan wasiƙun kuma ta naɗe shi a allo tun kafin ya shigo, don kada ya ga kwandon.

Ranar Talata ya sake zuwa, ya zauna ya zuba wa allon ido.

"Matar Yaya, ni fa abin nan ya ɗaure min kai. Wasiƙa goma sha ɗaya ce kawai a akwatinki. Ya fi falonku tsafta."

"Falon namu da kake zuwa kana cika shi da ɓawon gyaɗa? Yi abin da ya kawo ka."

"Sauran kina kai su ina?"

Ta kawar da kai. "Ina da tsarina."

"Shara dai na san ba ita ba ce, wannan duk wata take zubar da kanta, haka ake haɗo ta." Ya faɗa ne shi da kansa, ba tambaya ba ce. Nan ne ya kamata ta buɗe baki. Kalma biyar sun isa. Ta ma ja numfashi za ta faɗa, sai ta hango shi a tsakar gida yana gyara tabarau na ƙarya yana ƙanƙance murya irin tata, sai ta haɗiye.

"Bari in duba nauyin fayil ɗin da take adana su," ya ce, ya kai hannu ga linzami.

"Tashi, tashi! Ina da wasiƙar gaggawa. Mako uku kana dube-dube, me ka gano? Ka zo gobe."

"Ke kika kira ni fa!"

"Na kira mai gyara, aka turo min mai surutu."

Ya tattara jakarsa ya fita yana girgiza kai. Ita kuwa ta zauna da nufin ta ciro wasiƙar Mai Gonar Kaji ta buga a takarda, a wuce wurin. Ta buɗe kwandon, ta rubuta sunansa, allo ya yi fari. Ta kashe, ta kunna, ta sake. Fari. Ranar Laraba tun safe har tashi ba ta yi wani aiki ba sai wannan. Ta gwada gangarawa da hannu shekara-shekara, ta kai baya shekara huɗu ta sandare. Ta gwada lallashi, ta gwada zagi. Sau ɗaya sunan mutumin ya fito ƙuru-ƙuru, da kwanan watan, tana kai kibiya kansa komai ya tsaya cak. Ta dafe kai da hannu biyu, ta ji kamar ta ɗauki akwatin ta jefa a ɗaya daga cikin rijiyoyin kamfanin.

Ta koma gida a cike fam. Mijinta tsohon malamin lissafi ne, mutum mai haƙuri, wanda tun da ya bar aiki ya mayar da gyaran rediyonsa sana'a. Tun daga ƙofa ta fara sauke masa: ƙaninsa ba ya iya komai, ƙaninsa zai sa a mayar da ita mai gadin littafin baƙi, gobe ƙarfe goma za a tozarta ta a gaban lauya. Komai ta faɗa, ban da abu ɗaya. Shi kuwa bawan Allah, da ya ga idonta ya kawo ruwa, sai ransa ya ɓaci. Ya jira ta shiga wanka, ya ɗauki waya ya kira Auta, ya yi masa irin faɗan da bai yi masa ba tun yana sakandare.

"Matar da ta samo maka aikin, ita za ka bari a wulaƙanta? Gobe kafin ta iso ofis ka tabbata abin nan yana aiki. Ba na son jin wani bayani."

Faɗan ya shige Auta. Ƙarfe shida da rabi na safiyar Alhamis yana bakin ƙofar kamfani, mai gadi ya san shi, ya buɗe masa. A karo na farko ya zauna a kujerar babu mai huci a ƙeyarsa. Minti uku bai cika ba ya ga nauyin fayil ɗin, ya buɗe jerin jakunkuna, ya ga inda nauyin yake, har ya tafa hannu shi kaɗai. Kuma a yi masa adalci, ya yi taka-tsantsan irin na masu sana'arsa: ya kwafe akwatin shigowa da wasiƙunsa goma sha ɗaya, ya kwafe littafin adireshi, ya adana a gefe. Shara kuwa, wa ke ajiyar shara? Ya zubar. Sannan ya matse fayil ɗin don wurin da ta bari ya koma fili, ya goge tsohon, ya share faifan kwamfutar tas, don aiki ya yi kyau.

Ƙarfe takwas ta shigo ta same shi ya miƙe ƙafa yana murmushi har kunne.

"Matar Yaya, zauna ki gani. Yau sai kin ba ni tukwici."

Ta zauna tana hararar sa. Ta danna manhajar, kafin ta ɗage yatsa ta buɗe. Ta danna wasiƙa, ta buɗe. Ta rufe, ta buɗe wata, ta sake rufewa, abu kamar walƙiya. Wani sanyi ya sauka a ƙirjinta, har ta yi dariya, dariyarta ta farko cikin mako uku.

"Kai, Auta! Ashe dai kana da amfani. Allah ya yi maka albarka. Me ka yi mata?"

"Ai ba za ki yarda ba. Shara ce! Wani sakarai ya cire alamar zubarwa tun shekarun baya, ta yi ta taruwa. Dubu casa'in da ɗoriya, wallahi ban taɓa ganin irinta ba."

Hannunta ya riga kunnenta fahimta. Ta danna kwandon. Ya buɗe nan take, ba zobe, ba jira, fili fetal.

Ta daɗe tana kallon wurin. Auta yana ta bayani kan yadda ya matse fayil, muryarsa na zuwa mata kamar daga wani ɗaki. Manaja ya fito da kofi a hannu, ya ga allo yana aiki, fuskarsa ta washe.

"Madalla! Anti, a bugo min wasiƙar nan kwafi uku."

"Babu ita."

"Kamar yaya babu?"

Ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur. "A kwandon shara nake ajiye su. Duk maganar da aka gama, da wasiƙar da amsarta, can nake kai su. Shekara goma sha tara. Ni ce sakaran da ta cire alamar."

Ta jira dariyar. Mako uku tana gudun ta, ta ba da komai don kada ta ji ta, yanzu ma gara ta zo a huta. Babu wanda ya yi. Auta ya zame daga gefen teburin da yake zaune, fuskarsa ta koma kamar toka.

"Matar Yaya... me ya sa ba ki faɗa min ba? Na tambaye ki fa. Wallahi na tambaye ki!"

"Kai kuma me ya sa ba ka buɗe ko ɗaya ka karanta ba kafin ka zubar? Dubu casa'in, ko ɗaya?"

Duk su biyun suna da gaskiya, kuma gaskiyar ba ta amfani kowa da komai ba. Auta ya ture ta daga kujerar, ya ciro wayoyi da faifai daga jakarsa, gumi na ɗiga daga gemunsa. Ya kira kamfanin da ke riƙe musu adireshin wasiƙu, aka ce ai tsarinsu da zarar kwamfuta ta sauke wasiƙa, su ba sa riƙe kwafi. Ya sa manhajar tono abin da aka goge, ta yi ta laluben faifan da shi da kansa ya share da kyau.

Ƙarfe goma Mai Gonar Kaji ya iso da lauyansa. Manaja ya kira Sakatariya ciki, ta tsaya ta faɗi abin da wasiƙar ta ƙunsa, da watan, da ranar, har da kuskuren da Mai Gonar Kaji ya yi wajen rubuta sunan kamfanin. Mutumin ya saurara da kyau, ya juya ya kalli lauyansa, ya buɗe tafin hannuwa.

"Wace wasiƙa? Ni ban tuna na rubuta wani abu ba. In akwai, a nuna min."

Kafin sha ɗaya Manaja ya sa hannu cewa kamfani zai haƙa masa sabuwar rijiya kyauta. Da suka tafi bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mata sauƙi. Ya ce kawai, "Anti, daga Litinin sai teburin gaba," ya rufe ƙofarsa a hankali.

Kwana uku Auta ya rufe shagonsa yana fama da faifan. Abin da ya iya cetowa wasiƙu ɗari biyu da 'yan kai ne, rabinsu tallace-tallacen injin ban-ruwa, sauran haruffa a cakuɗe ba kai ba gindi. Ya kawo mata su gida da kansa, ya tsaya daga bakin ƙofa ya kasa shiga. Mijinta ma, da ya gane kiran wayarsa ne ya tura Auta ofis da sassafe, ya rasa inda zai sa kansa. Ta dube su su biyun, 'yan'uwa masu son taimako, ta rasa wanda za ta fara yi wa faɗa, don ta san layin daga kanta ya fara. Ta ce wa Auta ya shigo ya zauna, tsayuwar ta ishe ta haka.

Ranar Litinin ta kwashe kofinta da matashin kujerarta ta koma teburin gaba. A hanya ta tsaya ta sayi babban littafin rubutu mai bango mai kauri. Babu wanda ya sa ta. Ta ja layi da rula, ta rubuta a sama: wuri, shekara, zurfi, bututu, famfo. Ta fara da rijiyoyin da ta fi sani, tana rufe ido tana karanto su daga ka, baƙo in ya shigo ta tura masa littafin sa hannu ba tare da ta ɗago ba. Na farkon sun zo da gudu. Bayan rana ta raba suka fara zuwa da ɗingishi: wannan mita sittin ce ko saba'in, waccan a wace shekara aka canza mata famfo? Inda ta yi shakka sai ta bar gurbin, don ba ta taɓa ba wa injiniya lambar ƙarya ba, ba kuwa za ta fara yanzu ba.

Lokacin tashi ta ƙirga. Rijiya talatin da huɗu ta rubuta, goma sha ɗaya da gurbi a cikinsu. Kamfanin ya haƙa fiye da ɗari tara.